Haɗeja da tambayar ƙananan birane: wace sana'a, wane aiki, kuma daga aljihun wa?

Tun ranar 11 ga Yulin 2024, da Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai-tsaye daga asusun tarayya, hirar majalisa ta sauya a garuruwa irin su Haɗeja, Gumel, Azare da Funtuwa. Da ana tambayar ina kuɗin suke. Yanzu an koma jayayya kan abin da ya kamata a yi da su idan sun iso. Wannan ya ce kasuwar zamani, wancan ya ce asibiti, matashi ya ce filin ƙwallo da intanet mai ƙarfi, wani kuma ya ce a yi gadar sama irin ta Kano, ko garin ya ɗan yi kama da birni.

Ruɗanin yana da tushe. Ana cakuɗa ayyukan da doka ta ɗora wa ƙaramar hukuma da na jiha da na tarayya, sannan a haɗa su da sana'o'in da ba gwamnati ce ke buɗe su ba tun asali. Wannan sharhi ya ɗauki Haɗeja a matsayin misali, domin gari ne da yake da kusan duk abin da ake nema wajen haɓaka: ruwa, ƙasar noma, kasuwa, makarantu da jama'a. Amma har yau mutumin garin yakan hau motar Kano saboda abubuwa da yawa, kayansa ma sukan bi shi ɗanye.

Abubuwa uku da ake yi wa kuɗin goro

Ababen more rayuwa su ne waɗanda kowa ke amfana da su amma mutum ɗaya ba ya iya samar wa kansa yadda ya kamata: hanya, magudanar ruwa, famfo, wutar lantarki, kwasar shara, asibitin gwamnati. Ba a gina su don riba, ko da ana karɓar kuɗin amfani da su.

Sana'a kuwa ta mai jari ce. Injin casar shinkafa, ɗakin gwajin jini, shagon gyaran waya, gidan burodi, ɗakin sanyaya kifi: duk wanda ya buɗe ɗaya daga cikinsu lissafi ya yi, ya ga zai ci. Idan lissafin ya karye ya rufe, ko shugaban ƙaramar hukuma ya so ko bai so ba.

Na ukun shi ne aikin nuni, wanda ake yi domin a gani: ƙofar shiga gari, shataletale mai ado, jerin shaguna a bakin titi. Ba laifi ba ne a kan kansa, wani lokacin ma yakan yi amfani. Matsalarsa ita ce shi ya fi saurin kammaluwa kuma ya fi kyau a hoto, don haka shi yakan riga sauran shiga kasafi.

Alaƙar na farko da na biyu ita ce ƙashin bayan zancen. Sana'a tana bin inda aka sauƙaƙa mata, kamar yadda ruwa ke bin gangare. Mutanen wannan yanki ba sa buƙatar a tafi nesa a kawo musu misali. Layin dogo na Kano zuwa Nguru, wanda ya isa Nguru a 1930, bai ratsa cikin birnin Haɗeja ba, ta Malam Madori ya bi. Tasha ɗaya ta jawo masu sayen gyaɗa, ɗakunan ajiya, 'yan dako da baƙi daga kudu, wurin ya zama gari. Da jirgin ya ja baya kuma gyaɗa ta faɗi, harkar da ke kewaye da tashar ta yi sanyi tare da su.

Arziƙin da ke fita ɗanye

Haɗeja ƙaramar hukuma ce guda cikin 27 na Jigawa, kuma a ƙidayar 2006 mutanenta sun ɗan haura dubu ɗari. Amma kasuwancinta ya fi iyakarta girma nesa ba kusa ba. Masarautar ta ƙunshi ƙananan hukumomi takwas: Haɗeja, Auyo, Birniwa, Guri, Kafin Hausa, Kaugama, Kiri Kasamma da Malam Madori, kuma akasarin abin da suke nomawa ko kamawa a ruwa ta garin yake bi. Ga fadamar Haɗeja da Nguru a gabas, ga aikin noman rani na kwarin Haɗeja a Auyo, mai faɗin sama da hekta 5,000, wanda aka gyara da tallafin Bankin Duniya aka ƙaddamar a farkon 2023. A yankin ne kuma gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin noman alkama na rani a Nuwamban 2023.

Kasuwar kifi ita ta fi fito da matsalar fili. Masunci ya taso daga wajen Guri ko Kiri Kasamma da ɗanyen kifi tun asuba. Agogo yana gudu a kansa: kafin rana ta take, ko ya sayar ko kifin ya fara sauya wari. Dillali ya san haka, mai saye daga nesa ma ya sani, don haka farashin hantsi ba shi ne na azahar ba. Mafitar da aka gada ita ce banda, wato a kyafe kifin da hayaƙi a jera a kwali a ɗora wa motocin kudu. Banda sana'a ce babba mai riƙe gidaje da yawa, amma tana cin itace a yankin da itace ke ƙaranci, kuma kifin da aka kyafe cikin gaggawa yakan karye ko ƙwari su shige shi kafin ya isa Legas ko Onica.

A nan sana'o'i biyu suke da gurbi. Ɗaya ita ce masana'antar ƙanƙara da ɗakin sanyi na haya, inda mai kifi zai biya kuɗin kwando ɗaya na kwana ɗaya, ba sai ya mallaki firiza ba. Ɗayar ita ce murhun banda na zamani, rufaffe, mai cin itace ko gawayi kaɗan, wanda kifinsa ke fitowa da tsabta har ya shiga manyan kantuna. Ɗakin sanyin da ya riƙe kifi shi ne kuma zai riƙe tumatir, tattasai da attaruhu na 'yan lambu a makonnin da kaya ke yin yawa har a zubar. Ɗakin sanyi da masana'antar ƙanƙara a kan wutar lantarki suka dogara, kuma za a zo kanta.

Shinkafa labarinta ya ɗan bambanta, domin akwai injinan casa manya da ƙanana a yankin. Sai dai har yanzu shanshera mai yawa tana hawa tirela zuwa Kano, a can a gyara ta, a zuba a buhu mai tambari, wani kaso ya dawo Haɗeja a sayar wa wanda ya noma ta. Tsakanin gona da wannan buhun akwai ayyuka aƙalla biyar: turarawa, shanya, casa, tsince tsakuwa, da ɗinkin buhu. Turarawa aikin mata ne a gidaje tun da daɗewa, da tukunya ko rabin duro, ana shanyawa a tabarma ko a gefen kwalta. Daga wannan shanyar tsakuwa ke shiga, kuma tsakuwa ce ke karya darajar 'yar Hausa a gaban 'yar waje. Dandamalin shanya na siminti da ƙaramin injin cire tsakuwa ba su kai kuɗin shataletale ɗaya ba, amma suna ƙara wa kowane kwano daraja. Ɓuntun da ake tarawa tsibi-tsibi a bayan injina ma kaya ne: ana matse shi ya zama makamashin girki, dusar kuma ta tafi abincin kaji da kifin kiwo.

Riɗi da zoɓo, waɗanda Jigawa ke cikin manyan masu nomansu, su ma galibi ba a tsabtace su a inda aka noma. A Kano ko Legas ake tankaɗe su a tantance kafin su hau jirgin ruwa, kuma ladan wannan aikin can yake zama.

Wuta: inda lissafin kowa ke karyewa

Mai walda a ƙaramin birni yana da jadawali biyu, nasa da na wuta. Idan aka kawo ta da tsakar dare, da tsakar dare zai tashi yaransa. Idan ba a kawo ba, ya tayar da janareto ya ɗora kuɗin mai a kan ƙofar da yake haɗawa, mai ƙofa ya ce ta yi tsada. Haka tela, haka mai niƙa, haka mai sayar da ruwan sanyi a watan azumi.

Abubuwa uku suka sauya wannan lissafi a 'yan shekarun nan. Na farko cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023: litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, ta kuma wuce 1,000 a ƙarshen 2024. Ƙaramin janareto, wanda shi ne wutar talaka ta gaskiya, ya zama abin da ake tunani kafin a ja igiyarsa. Na biyu tsarin rukuni na hukumar kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, NERC, inda aka kasa masu amfani da wuta daga A zuwa E gwargwadon sa'o'in da aka yi musu alkawari, daga 20 a rana zuwa 4. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin rukunin A zuwa naira 225 kan kowane ma'auni, wato yunit ɗaya na mita. Tasirin wannan ga ƙananan birane ba a farashi kaɗai yake ba. Kamfanin rarraba wuta kasuwanci yake yi, kuma idan wutar da aka ba shi ba ta isa kowa ba, hankalinsa zai fi karkata ga layukan da ke biyan kuɗi mai tsoka, waɗanda yawanci suna manyan birane da unguwannin masana'antu. Na uku shi ne abin da ya faru a Oktoban 2024, lokacin da lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta arewa ta jefa jihohi da dama cikin duhu sama da mako guda. Wanda jarinsa ke cikin firiza a lokacin ya ga abin da ya gani.

A gefe guda kuma doka ta buɗe ƙofar da a da take rufe. Gyaran tsarin mulki na Maris 2023 da Dokar Lantarki da aka sa wa hannu a Yunin shekarar sun ba jihohi damar samarwa da rarraba wuta da kuma kafa hukumar da za ta kula da kasuwarta a cikin iyakarsu. Akwai kuma ƙa'idar ƙananan tashoshi masu zaman kansu, inda kamfani zai kafa faifan sola da batura ya ja waya zuwa kasuwa ko unguwa. A Disamban 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 domin irin waɗannan ayyuka a Najeriya, ta hannun hukumar samar da wuta a karkara, REA.

Ra'ayi ya rabu a kan wannan hanya. Masu goyon baya suna cewa yankin da rana ke dukansa kusan duk shekara bai kamata ya zauna jiran wutar da ke tasowa daga Shiroro ko kudu ba, kuma tashar sola a cikin kasuwar kifi ko layin 'yan injin za ta biya kanta domin masu amfani da ita da rana suke aiki, lokacin da ba a buƙatar batura da yawa. Masu shakka suna nuni da cewa kuɗin ma'aunin irin wannan wuta yakan fi na kamfanin rarrabawa tsada, cewa faifai da batura da dala ake shigo da su, kuma babban injin casa yana buƙatar ƙarfin da ƙaramar tasha ba ta iya ɗauka. Kowane ɓangare yana da gaskiya a wani wuri. Bambancin yana ga abin da aka gwada da shi: idan da wutar gwamnati aka gwada, sola ta yi tsada, idan da janareton fetur aka gwada, wanda shi mai shago ke kunnawa a zahiri, ta yi araha.

Ko ba a kafa tasha ba, sola ta riga ta shigo ta ƙananan hanyoyi. Manoman rani suna sauya injin ban-ruwa na fetur da na sola, gidaje suna ɗora faifai ɗaya ko biyu don fanka da cajin waya. Wannan ya haifar da giɓin da ba a cika ambata ba: masu haɗawa da gyarawa da suka san aikin. Batirin da aka haɗa ba bisa ƙa'ida ba yakan mutu kafin lokacinsa, mai shi ya ce sola yaudara ce. Garin da ke da kwalejin kimiyya da fasaha ta Binyaminu Usman a cikinsa, da Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa kusa da shi, yana da inda zai horar da irin waɗannan matasa.

Me ƙaramar hukuma ke da iko a kai?

Jadawali na Huɗu na tsarin mulkin 1999 ya lissafa ayyukanta. A ciki akwai kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, banɗakunan jama'a, kwasar shara, maƙabartu, titunan cikin gari da fitilunsu da magudanan ruwa, da kula da shaguna, gidajen abinci da gidajen burodi. Tana kuma da hannu, tare da jiha, a makarantun firamare, kiwon lafiya da noma. Babban asibiti, jami'a, hanyar Kano zuwa Haɗeja da madatsun ruwa ba nata ba ne. Duk wanda ke jiran hukuncin kotu ya kawo wa garinsu asibitin ƙwararru, ba ƙofar da ta dace yake ƙwanƙwasawa ba.

A tsarin rabon arziƙin ƙasa, ƙananan hukumomi gaba ɗaya suna da kashi 20.60 cikin ɗari, jihohi 26.72, tarayya 52.68. Sashe na 162 na tsarin mulki ya tanadi asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, kuma ta nan kuɗin ke bi shekara da shekaru. Ƙarar da ministan shari'a Lateef Fagbemi ya shigar ta ce gwamnoni sun mayar da asusun hanyar riƙe kuɗin, kotu kuma ta amince, ta ƙara da cewa ba a ba shugabannin riƙo da ba zaɓaɓɓu ba ko sisi. Wannan ɓangare na biyun ya yi aiki da sauri, domin jihohi sun yi ta rige-rigen gudanar da zaɓe a watannin da suka biyo baya. Na farkon, wato biyan kai-tsaye, shi ya yi ta tafiyar hawainiya, ana ta batun buɗe asusu a Babban Banki da sharuɗɗansa. Jihar Anambra ma doka ta yi a 2024 da ta wajabta wa ƙananan hukumominta mayar da wani kaso cikin asusun bai-ɗaya.

Ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi, NULGE, ta daɗe tana neman wannan 'yanci, bisa hujjar cewa wanda ke kusa da kwatar da ta toshe shi ya fi sanin ta toshe. Ƙungiyar malamai, NUT, ta daɗe tana ɗari-ɗari da a bar albashin malaman firamare a hannun ƙananan hukumomi, saboda ta tuna shekarun da aka yi hakan aka riƙa bin bashin albashi wata da watanni. Masu kare gwamnoni kuma suna cewa akwai ƙananan hukumomin da kasonsu ba ya ɗaukar albashinsu, kuma asusun haɗin gwiwa ne ke cike musu giɓi daga na wasu.

Abin da ba a cika faɗa wa jama'a ba shi ne, ko kuɗin sun zo cif, albashin malamai, ma'aikatan lafiya da na sakatariya, da fansho da kason masarauta, su ke fara fita. Abin da ya rage shi ne na aiki, kuma ba shi da yawan da ake zato. Ga Haɗeja akwai ƙarin nauyi: kasuwarta da tasharta da titunanta suna ɗaukar mutanen ƙananan hukumomi takwas har da baƙi daga Yobe da Nijar, amma kasonta na ƙaramar hukuma ɗaya ne. Kuɗin shiga na cikin gida, wato na rumfa, na tasha da na mayanka, shi ya kamata ya cike wannan, kuma a nan ake samun saɓani da 'yan kasuwa. Ba kasafai ɗan kasuwa ke ƙin biya don ƙin biya ba. Abin da ke ɓata masa rai shi ne rasit uku daga hannu uku a rana ɗaya, alhali shara tana nan a bayan rumfarsa.

Babbar masana'anta ko ƙananan injina ɗari?

Masu son babbar masana'anta suna cewa ita kaɗai ke iya sayen shanshera da yawa a farashi tsayayye, ta ba manomi iri da taki bashi, ta fitar da shinkafar da za ta yi gogayya a kasuwar Legas. Masu son ƙanana suna cewa babbar masana'anta injina ke mata aiki, ma'aikatanta ba su da yawa idan aka gwada da jarin da aka zuba, ribarta kuma tana bin mai ita zuwa inda yake zaune, alhali mai ƙaramin injin a garin yake cefane, a garin yake gini.

Abin da ya faru bayan Yulin 2024 ya ba kowane ɓangare abin faɗa. Gwamnatin tarayya ta dakatar da harajin shigo da wasu kayan abinci, har da shinkafa da alkama da masara, na kwana 150 domin karya farashi. Mai saye ya samu sauƙi. Manomin da ya sayi taki da tsada ya ga farashin shanshera ya faɗi, masu injinan casa kuma suka yi ta kokawa kan gogayya da ta waje. Darasin da ke ciki ga ƙaramin birni shi ne shawarar da aka yanke a Abuja tana iya rusa lissafin sana'a cikin damina ɗaya, kuma garin da ya jingina da amfanin gona guda ya fi jin jiki.

Jari shi ne ɗaya shingen. Lokacin da Babban Banki ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 a ƙarshen 2024, bashin bankin kasuwanci ya fi ƙarfin mai son sayen injin cire tsakuwa, ga kuma da yawa da ba sa karɓar bashi mai ruwa saboda addini. Bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, irin su Jaiz da TAJ, suna da tsarin saya wa mutum kaya ya biya a hankali, sai dai a ƙananan garuruwa har yanzu adashi, ɗan'uwa da uban gida su ne bankin yawancin mutane.

Kasuwar zamani ma tana da fuska biyu. Tana rage gobara da cunkoso, tana kawo banɗaki da hanyar mota. Amma an sha gani a birane daban-daban: a rushe tsohuwar, a gina sabuwa, kuɗin shago ya fi ƙarfin waɗanda aka tasa, masu hali su saye su bayar haya, mai tallar kayan miya ta koma bakin titi. Tambayar da 'yan kasuwa kan yi kafin a fasa ƙasa ita ce ko an rubuta sunayen masu rumfuna na yanzu, da kuma nawa za a ce su biya.

Abin da ke sa a hau motar Kano

Akwai ma'auni mai sauƙi na gane sana'ar da gari ke buƙata: a tsaya a tasha da safe a tambayi fasinjoji abin da zai kai su Kano. Ban da 'yan sari, za a samu mai zuwa hoton ciki ko gwajin da ba a yi a gida, mai neman kayan gyaran inji, mai kai waya ko kwamfuta gyara. Kowannensu zai kashe kuɗin mota zuwa da dawowa, ya rasa yinin aiki, wani ma ya kwana. Wannan kuɗin shi ne kasuwar duk wanda ya kawo hidimar gida.

Ɓangaren lafiya ya fi nauyi. An daɗe ana kokawa da yawan ciwon ƙoda a garuruwan da ke bin wannan kogi, daga Haɗeja har Gashuwa. Ciwo ne da gwajin jini da na fitsari ke iya nuna alamunsa tun kafin a kai ga wankin ƙoda, wanda ke cinye dukiyar iyali cikin watanni. Ɗakin gwaji mai rajista da ƙwararren ma'aikaci, da wutar da ba ta yankewa, yana cikin sana'o'in da amfaninsu ya wuce ribar mai su. Sharaɗin shi ne sa ido daga hukumomin lafiya, domin gwajin da ba daidai ba ya fi rashin gwaji haɗari.

Sauran sun fi sauƙi. Tun 2015 da JAMB ta koma jarrabawa ta kwamfuta gaba ɗaya, cibiyar jarrabawa ta zama abin da kowane gari mai makarantu ke buƙata, kuma a sauran watanni tana iya zama wurin koyon kwamfuta. Ɗalibai suna buƙatar ɗakunan haya da abinci mai araha. Masu POS sun riga sun nuna yadda sana'a ke cike giɓi da kanta: inda reshen banki ya yi kaɗan, rumfa da laima sun wadatar, kamar yadda aka gani a ƙarancin takardun naira na farkon 2023.

Wuraren shaƙatawa su ne aka fi jayayya a kansu. Matasa suna son filin wasa, gidan kallon ƙwallo da wurin zama da iyali. Wasu iyaye da malamai suna tsoron abin da ka iya biyo baya. Inda aka daidaita, yawanci da sharaɗin lokacin rufewa da sanin masu unguwa aka daidaita.

Ruwan da ya yi yawa, da wanda ya yi kaɗan

Kogin da ke ciyar da yankin shi ne kuma ke yi masa barazana. Tun bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan ta sauya: a maimakon ya cika da damina ya janye da rani, sai ya riƙa gudana kusan duk shekara. Wannan ya ba ciyawar kachalla damar mamaye hanyoyin ruwa, ta toshe su, ta kuma zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa. Idan ruwa ya zo da yawa, kamar a 2022, sai ya rasa hanya ya bi gonaki da gidaje, mutanen gari su kwana suna cika buhuna da ƙasa suna ƙarfafa jinga. Yashe kogi da sarrafa madatsu aikin jiha ne da hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are ta tarayya. Kwatocin cikin gari da ledojin da ke toshe su kuwa na ƙaramar hukuma ne da mazauna.

Wannan ya shafi kasuwanci kai-tsaye. Mai jari ba ya kafa ɗakin sanyi ko ma'ajiyar hatsi a filin da ruwa ke ci duk bayan 'yan shekaru, kuma babu mai ba shi bashi a kan irin wannan fili. Ware wuri mai tudu, da hanya da wuta da takardar mallaka sahihiya, domin 'yan injin da masu ajiya, aiki ne da ba ya fitowa a hoto amma shi ke yanke wa mai kuɗi shawarar ya zauna ko ya tafi Kano.

Ga magidanci, sakamakon duk wannan a ƙananan abubuwa zai bayyana: kuɗin jarkar 'yan ga-ruwa idan famfon unguwa na sola ya yi aiki ko ya lalace, bambancin farashin kifi tsakanin hantsi da azahar, yawan rasit ɗin da mai rumfa ke karɓa a mako. Akwai kuma waɗanda sauyin zai taɓa ta ɗaya gefen. Famfo idan ya wadata, ɗan ga-ruwa zai rasa ciniki. Injin turara shinkafa na zamani yana iya ƙwace aikin matan da ke yi a gida, sai fa idan ƙungiyoyinsu ne suka mallake shi. Ɗakin sanyi zai rage ƙarfin dillalin da ke cin ribar gaggawar masunci. Ofishin Akanta Janar na tarayya da hukumar ƙididdiga ta ƙasa suna wallafa abin da aka ware wa kowace ƙaramar hukuma wata-wata, har da Haɗeja da maƙwabtanta bakwai, kuma duk mai waya a hannu yana iya dubawa ya gwada da kasafin ƙaramar hukumarsa.